Igiyar Gidan Fanya

Ƙanwata Talatu ta rasu a Manchester ranar wata Laraba. A wurin aiki ta faɗi, gidan kula da tsofaffi, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Ta bar 'ya ɗaya, Mariya, mai shekara tara. Uban yarinyar ya rasu tun tana goye. Ni kaɗai ne jininta a ƙasar nan, kuma rabona da gidansu shekara biyu.

Ina wankin mota a Birmingham aka kira ni. Maƙwabciyar Talatu ce, Mama Rifkatu, wata nas 'yar Pankshin. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce yarinyar tana hannunta, amma na ɗan lokaci ne, don ita ma 'ya'ya huɗu gare ta a ɗaki biyu. Bayan jana'iza mutanen council, wato ƙaramar hukuma, za su zo su duba ko akwai ɗan'uwan da ya isa ya riƙe ta. In babu, su ba wa wasu riƙo, duk garin da suka sami gurbi.

Na ajiye soso na tafi tasha. Tun daga Birmingham har muka shiga Manchester ban yi kuka ba. Kaka kawai nake tunawa, da igiyarta.

A Bukuru muka tashi, kusa da Jos, unguwar masu haƙar kuza. Gidan Fanya ake ce wa gidanmu. Garin akwai sanyi, musamman da damina. In an ci tuwo, mu jikoki sai mu tattara ɗakin Kaka Asabe, uwar babanmu, don ita kaɗai ke hura kasko a ɗaki. Tana gasa masara a kan garwashi, tana juyawa da hannu kamar wuta ba ta cin ta. Doguwa ce, fara, gashinta mai laushi ya yi furfura fat. Hancinta kuwa kamar an zare shi. Ni na ɗauko hancin, shi ya sa ba ta raga mini. In na shigo sai ta ce ga maigidanta ya dawo, hanci ya riga shi sallama, cefane kuma ko ƙwayar gishiri babu. Ni kuma in ce na sake ta, tsohuwa ba haƙori. Ta ce to in ajiye masarar matar da na saka.

Yawancin ranaku tatsuniyar kura da zomo take yi mana. Amma ranar da aka kece da ruwa, kwano yana ƙara, ba mai iya tsallaka tsakar gida, sai ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta fito da igiya. Ta ce wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ba a buɗe ta kamar tatsuniya. Sai ta miƙo bakin igiyar ta ce, "Ga igiya nan." Mu kuma mu ce, "Mun kama." Kowa ya sa hannu. Wanda ya saki, ba shi ba masara.

Igiyar kala biyu ce a lokacin. Farkonta baƙa ce, mai kauri, tana warin kwalta, tsawonta bai wuce kamu biyu ba. Daga nan aka saƙa mata ta rama aka ci gaba. Jikinta duk ƙulli ne. Ranar sunan duk wanda aka haifa a gidan, ko ranar auren wanda ya shigo dangi, babbar mace ta yi masa ƙulli ɗaya. Ba irin ƙullin ɗaurin akuya ba. Ƙullin 'yan jirgin ruwa ne, ana zagayawa sau biyu a dawo ta ƙasa, in ka ja shi ƙara kamawa yake. Wanda ya rasu, a shafa wa ƙullinsa lalle. Ba wanda ya yi boko a gidan sai daga baya. Wannan igiyar ita ce takardarmu.

Ƙulli na farko na Manu ne. Kaka ta ce Bature ne, mutumin Sifaniya, daga wani gari mai fararen gidaje a kan tudu, gaba teku, baya itatuwan zaitun. Abin da ta sani na garin ke nan. Lebura ne a jirgin ruwa, shi ke hawa sama yana ɗaure kaya. Jirginsu ya tsaya ɗaukar koko a tsibirin Fanya, ya faɗo ya karya ƙafa. Kyaftin ya ce ba ya ɗaukar mai cin abinci ba aiki, suka sauke shi a bakin gaɓa suka tafi.

A tsibirin akwai Hausawa, mahauta da 'yan koli da suka bi kasuwa har can. Wani mahauci da ya iya ɗori ya gan shi, ya sa aka ɗauke shi zuwa zaurensa. 'Yar mahaucin, Tabawa, ita ke kai masa kunu. Kaka ta ce wata uku ba mai jin yaren wani, da hannu suke magana kamar kurame. Da ƙafa ta warke ya koyi Hausa, ya yi kalmar shahada, aka ɗaura musu aure. Ta ce har ya mutu bai iya zaman tahiya ba, ƙafar a miƙe take, yara suna bayansa suna dariya. Suka haifi 'ya mace, ya sa mata sunan uwarsa, Mariya.

Mariya na da shekara huɗu jirgin ya dawo. Sabon kyaftin yana neman ma'aikata, ya ce akwai wurin Manu, amma shi kaɗai. Manu yana da uwa a can, da 'yan'uwa, da gonar zaitun. Ya kwana uku ba ya cin abinci. A rana ta huɗu ya ce da Tabawa zai je ya dawo. Ta ɗauki yarinyar ta raka shi bakin ruwa.

A nan Kaka takan tsaya ta juya masara, don ta ja mana rai. Talatu, wadda ita ce ƙarama a cikinmu, takan fara kuka tun kafin a kai wurin, duk da ta san ƙarshen.

Jirgi ya tashi. Yarinyar ba ta yi kuka ba, in ji Kaka, sai ta zame daga hannun uwarta ta shiga ruwa tana bin jirgi da ƙafa, ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, kafin uwar ta cafko ta. Manu yana sama yana gani. Ya bar jakarsa, ya bar takalminsa, ya bar takardunsa, ya faɗa teku da gurguwar ƙafa. Ya fito gaɓa ba shi da komai sai wando da guntun igiyar da ya ɗaura a ƙugu. A ranar ya yi ƙulli uku, nasa, na Tabawa, na Mariya. Bai sake ganin ƙasarsu ba. Ɗinkin tarun masunta ya yi har ya mutu, a tsibirin aka binne shi.

Daga nan Kaka takan bi igiyar da yatsa, ƙulli bayan ƙulli. Mariya ta auri Alhasan, wani ɗan koli Bazazzagi, ta haifi Kaka da ƙannenta biyu da ba su rayu ba. Kaka ta yi aure a can, mijinta ya gaji da aikin koko, suka hau jirgi zuwa Kalaba, daga nan mota da jirgin ƙasa suka kawo su wurin kuza. Ga ƙullin babanmu. Ga na ƙannensa. Ga namu. In ta zo kan naka sai ta matsa maka yatsa a kai ta ce ka ji, kana nan.

Akwai ƙulli ɗaya a sassauce, yatsa yana shiga. Na Baba Sule ne, ƙanin babanmu, wanda ya tafi Ikko neman kuɗi tun kafin a haife ni, ba wasiƙa, ba saƙo. Ƙa'idar ke nan, wanda ya tafi ya yi shiru a sassauta ƙullinsa, in ya dawo a ja. Wata rana na ce ta kwance shi kawai, mutumin da ya manta da uwarsa me zai yi a igiya. Ta kalle ni. Sannan ta ce:

"Maigida, in na kwance shi, ranar da ya faɗa rijiya da me za a jawo shi?"

Na ce ai shi ya so. Ta ce in ci masarata.

Abin da na ɗauka daga labarin a lokacin shi ne mu jinin Turawa ne. Da shi nake wa yaran unguwa taƙama. Da kuza ta mutu, babanmu ya rasu, aiki ya ƙare a Bukuru, sai na ce zan je ƙasar kakanmu. Mu goma sha huɗu muka shiga hamada, mu shida muka fito. Ba zan faɗi sauran ba. Na tsallaka ruwa a kwale-kwalen roba. A Sifaniya na yi shekara goma sha biyu ina tsinkar tumatir a gonakin da ake rufewa da leda. Gari mai fararen gidaje a kan tudu, gaba teku, baya zaitun, na ga ya fi ɗari. Ba wanda ya kalli hancina ya ce sannu ɗan'uwa. Fasfon ƙasar da na samu daga ƙarshe, gumina ne ya ba ni.

Duk tsawon shekarun nan ban aika gida ba. Da farko na ce sai na samu abin aikawa. Daga baya kunya ta hana. Kaka ta rasu, innarmu ta rasu, duk a bakin wasu na ji.

Da aiki ya tsaya a Sifaniya na shigo Ingila. Na sami labarin Talatu ta yi karatu, ta yi aure, tana unguwar Rusholme a Manchester. Na je sau ɗaya. Ta rungume ni, ta yi mini tuwo da miyar kuka, yarinya tana leƙena daga bayan ƙofa. Bayan na ci sai ta ce Kaka ta yi kwana uku tana jinya tana tambaya ko maigidanta ya aiko. Ba faɗa ta yi ba, faɗa mini kawai ta yi. Na wanke hannu na ce zan je masallaci. Ban koma ba. Ta yi ta kira, ban ɗauka ba.

Kwana biyar bayan jana'iza matar council ta zo flat ɗin Talatu, wato ɗakunan da take haya, da rana, wajen ƙarfe uku. Yarinya ce Baturiya, idonta duk gajiya, da jaka cike da takardu. Ta ba da haƙurin makara, ta ce an rage musu ma'aikata, aikin mutum uku take yi. Mama Rifkatu ta zauna kusa da ni don ta fassara inda Turancina ya gaza. Mariya tana can kusurwa a ƙasa, rungume da jakar makaranta. Tun ranar rasuwar ba ta yi wa kowa magana ba, sai kai da take kaɗawa.

Ina da tikitin bas na ƙarfe shida a aljihu. Mai wurin wankin mota ya ce in bai gan ni da safe ba, akwai mutum goma da ke jiran sosona.

Matar ta fara tambaya. Aiki? Wankin mota, ranar da aka kira ni. Wurin kwana? Ɗaki ɗaya a saman wani shago a unguwar Sparkhill ta Birmingham, mu biyar muke haɗa kicin. Sunan makarantar yarinyar? Ban sani ba. Likitanta? Ban sani ba. Ranar haihuwarta? Na sunkuyar da kai. Duk abin da na ce sai ta rubuta, wanda ban ce ba ma ta rubuta. Mama Rifkatu ta ce da ni da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Malam Sallau, ka buɗe baki mana. 'Yar ƙanwarka ce za ta tafi." Gaskiya matar take rubutawa.

Daga ƙarshe ta miƙo mini farar takarda da biro, ta ce in zana mata dangi, wa ya haifi wa, don ta ga inda yarinyar ta fito da wanda ya rage mata. Sunana kaɗai na iya rubutawa. Na riƙe biron ina kallon takarda. Da na ɗaga kai don kada su ga fuskata, idona ya faɗa kan jakar Mariya. Hannun jakar ya taɓa tsinkewa, an haɗa shi da zare mai kauri. An zagaya sau biyu an dawo ta ƙasa.

Na ajiye biro. Na sunkuya na zare igiyar takalmina, na yi ƙulli ɗaya a bakinta. Hannuna bai manta ba. Na miƙa ta gaba, ban ma san wa nake miƙa wa ba, na ce, "Ga igiya nan."

Matar council ta kalli Mama Rifkatu, ita kuma ta kalle ni kamar na zautu.

"Mun kama," in ji Mariya.

Da Hausa ta faɗa, Hausar da harshen Manchester ya lanƙwasa. Ta tashi ta shiga ɗakin uwarta. Muka ji tana jan wani abu a ƙarƙashin gado. Ta fito da gwangwanin biskit ta buɗe a gabana. Warin kwaltar nan ne ya fara dukana. Baƙar igiya, sai ta rama, sai wata sabuwa shuɗiya ta roba da aka saƙa a ƙarshe. Ashe Kaka Talatu ta bar wa, Talatu kuma ta tsallako da ita.

Muka bi ta tare. Ina faɗin suna, Mama Rifkatu tana fassarawa, matar tana rubutawa. Manu, Tabawa, Mariya ta farko, Alhasan. Na tsallake ƙannen Kaka biyu da suka mutu suna jarirai, yarinyar ta dawo da yatsana baya ta faɗi sunayensu. Ta ce in sanyi ya yi yawa uwarta takan kashe wutar sauran ɗakuna, su zauna gaban hita ɗaya, ta fito da igiya. Ƙullin Kaka ya yi ja da lalle. Na babanmu da na innarmu ma haka. Na Baba Sule yana nan a sassauce. Ƙasa da shi akwai wani, yatsa biyu ma za su shiga.

Mariya ta sa yatsa a ciki ta ce wannan nawa ne. Ta ce ta taɓa tambayar uwarta me ya sa ba za a kwance ba, uwar ta ce ba a kwancewa. Sannan ta kalli aljihun rigata inda bakin tikiti ya leƙo, ta tambaye ni da Turanci ƙarfe nawa bas ɗina zai tashi. Na ce shida. Ta kaɗa kai, ta koma kusurwarta ta zauna.

Matar council ta ɗauki hoton igiyar da wayarta. Ta cika takarda biyu da sunaye. Ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba, amma ba za ta yaudare ni ba, igiya ba ta zama ɗaki, ba ta zama albashi. Bincike zai ɗauki watanni, kuma abin da za su fi dubawa shi ne ko yarinyar ta san ni, ko ina nan. Ta tattara takardunta ta tafi wurin wasu yaran.

Muka zauna. Mama Rifkatu ta dafa shayi. Biyar ta yi, biyar da rabi ta wuce. Motoci suna ta wucewa a Wilmslow Road, ana jin su ta taga.

"Malam Sallau, bas fa."

"Ya tafi abinsa."

Ta kalle ni, ta ƙara mini shayi. Mariya ba ta ɗago ba, amma na ga idonta a kan agogon bango har shida ta gota.

Aikin ya tafi, ɗakin Sparkhill ma ya bi shi. Na riƙa kwana a ƙasa a flat ɗin Talatu har masu gida suka karɓe, daga nan wani direban tasi Bakano ya ba ni kujerar falonsa. Na sami aikin shara a wani gidan abinci. Kullum da safe ina ƙofar Mama Rifkatu, in raka Mariya makaranta, in dawo da ita da yamma. Sati uku tana tafiya gabana kamar ba tare muke ba. Na koyi sunan makarantar, da na malamarta, da ranar haihuwarta, da cewa ba ta cin kuɓewa. Wata bakwai aka yi ana zuwa ana tambaya. Mama Rifkatu da mutanen cocinsu suka tsaya mini shaida, limamin unguwa ma ya rubuta takarda. Aka ba ni ita.

Ranar da za mu bar Manchester, Mama Rifkatu ta kwaɓa lalle. Na ce babbar macen gida ce ke shafawa, kuma a gidanmu yanzu babu babbar mace sai Mariya. Ita ta shafa wa ƙullin uwarta. A nan ne ta yi kuka, ni ma na yi. Da ta gama na ɗauka za ta ja nawa. Ta naɗe igiya ta mayar gwangwani. Ta ce sai ta gani.

Ina yaro na zaci labarin Manu labarin inda muka fito ne. Na bi shi har can, na kusa mutuwa a hanya, ban sami komai ba. Kaka ba ta taɓa sanin sunan garin ba, kuma bai taɓa damunta ba. Inda take tsayawa ta juya masara, nan ne labarin yake, mutum a kan jirgi, yarinya a cikin ruwa. Sai da na haura arba'in na gane. Ni dai na ɗan fi Baba Sule sa'a ne, igiyar ta iske ni da rai.

Shekara ɗaya da wani abu bayan haka, wata ranar sanyi, Mariya ta fito da igiya muna gasa masara a kan gas. Muka bi ta har ƙasa. Da muka zo kan nawa na ji shi tam, ko allura ba za ta shiga ba. Ban san ranar da ta ja ba. Ta matsa mini yatsa a kai, muka wuce na gaba.

Yanzu muna unguwar Balsall Heath a Birmingham, ɗaki biyu a hawa na uku. Ina wankin bas-bas a gareji, aikin safe, don in riga ta dawowa gida. Mariya shekararta goma sha biyar, ta fi ni tsawo, hancin ma ta ɗauko. Gwangwani yana ƙarƙashin gadonta. Ƙullin Baba Sule har yau a sassauce yake, ba mu kwance ba. Ni kuma ina nan.